Muryar Hamidu a Kaset Ɗin da Na Ɓata

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Hamidu mai gyaran rediyo na Jega Firchin. Zazzaɓin damina ne ya kwantar da shi kwana tara, a na goma muka kai shi makwancinsa bayan sallar azahar, ƙasa jiƙe da ruwan safiya. Abokina ne tun muna yara, daga baya ya auri ƙanwata Saratu, ya zama suruki kuma abokin sana'a. Ya bar ɗiya ɗaya, Balkisu, wadda a lokacin ba ta cika shekara uku ba. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan yi masa addu'a in yi shiru, domin ni ba mai yawan rubutu ba ne. Bana ne kawai na kasa yin shirun, kuma Balkisu ce sanadi.

Da ƙaramar sallar da ta wuce ta zo gaishe ni a Jiga Birni, inda nake zaune ina noman albasa. Ta zama budurwa, tana makarantar sakandare, ga natsuwa irin ta uwarta. Bayan an ci abinci ta zauna gefen tabarma tana jujjuya wayar uwarta a hannu, can sai ta ce, "Kawu, wai wace irin murya babana ad da ita? Inna ta ce ku ka ɗaukar waƙa tare, kuna da kaset da yawa. Ina son in ji shi ko sau guda."

Hotonsa na nan, ta san fuskarsa. Amma murya ba a kwatanta ta da baki. Na ce mata ta ba ni lokaci, na yi mata alkawarin zan nemo. Ta tafi tana murna, ni kuwa ta bar ni da zulumi, saboda na san halin mutumin da nake neman muryarsa.

Bari in koma baya, saboda wanda bai san mu ba. Mu huɗu ne, kuma babu ɗayanmu da kiɗa ke ciyar da shi. Nomau ne mawaƙinmu, tela ne a kasuwar Jega. Tsoho Arzika yana kaɗa kalangu, manomi ne. Ni ina danna fiyano, wata tsohuwa da na saya hannun wani direba. Hamidu ba ya kiɗa ba ya waƙa, shi ne mai kula da na'ura: mikisa mai haɗa sautuka, lasifika biyu, makirufo uku, janareta da tarin wayoyi a cikin buhun taki. Idan an gama cire albasa, aljihu ya yi ɗan nauyi, bukukuwa suka kankama tsakanin Jega da Aliero da Maiyama, sai a riƙa kiranmu. Muna farawa bayan la'asar, kuma da ladan ya ɗaga murya don magariba Hamidu zai zare waya ko da Nomau yana tsakiyar baiti. Wannan ɗabi'a ta sa malaman unguwa ba su taɓa tsangwamarmu sosai ba. Shi ne ma yake haɗa musu lasifikar tafsiri da azumi, da ta walimar saukar Alƙur'ani, ba ya karɓar komai.

Mutane sun ɗauka aikinsa murɗa maɓalli ne kawai. Mu da muka zauna da shi mun san aikin ya fi haka. Kafin mu sauke kaya, sai ya zaga filin yana tafa hannu yana saurare, ya ji inda bango ke maido da sauti. Janareta kuwa sai ya kai ta bayan katanga, ya ja doguwar waya, wai gara a wahala da nannaɗe waya da a wahala da gurnanin inji cikin waƙa. Lasifika kullum gaba da makirufo yake ajiye su, suna kallon jama'a, domin idan makirufo ya shiga gabansu nan take su fara wannan kukan mai tsaga kunne. Ranar iska sai ya sa wa kan makirufo safar jarirai, a yi ta yi masa dariya, shi ko a jikinsa. Kuma bai taɓa zama bayanmu ba. Teburinsa yana can cikin jama'a, yana fuskantarmu, yana cewa wanda bai zauna inda masu saurare suke ba, ba zai san abin da suke ji ba.

Rikicinsa da Nomau ba ya ƙarewa. Nomau mutum ne mai son a ji shi har ƙauyen gaba. Zai damƙe kan makirufo da tafin hannu, ya manna shi a leɓe, ya riƙa yi wa Hamidu alama da yatsa a ƙara. Hamidu sai ya girgiza kai. Bayan an tashi ya ce masa, "Nomau, wanga abu da kaka so ba ƙarhi na ba, hayaniya ta. Saki kan makiruho, ka ba shi tazarar yatsa huɗu, shi numfasa." Idan Nomau ya ce ba ya jin kansa, maimakon a ƙara masa, sai Hamidu ya rage ni da fiyanona, ya juyo masa da wata ƙaramar lasifika kusa da ƙafa. Ni ma sai in yi fushi. Amma idan muka saurari kaset daga baya, kowa sai ya yi tsit, don kowane baƙi na waƙar yana fita tar, kalangun Arzika yana magana ƙarƙashinsa kamar yadda ya kamata.

Yana da ƙa'idoji da har yau ina iya jero su ko daga barci aka tashe ni. A gwada na'ura da waƙar da ta fi kowace ƙarfi, kada a gwada da mai sanyi. Idan jar wuta ta fara ƙiftawa a mikisa, an wuce gona da iri, a dawo baya. Idan wani sauti ya danne wani, a rage wanda ya yi yawa, kada a ƙara wanda ya yi kaɗan. Eko, wato amsa-kuwwa, gishiri ne, ɗan kaɗan ake barbaɗawa. Sannan babbarsu, wadda yake maimaitawa har mu gaji: kafin a fara ɗauka, a ɗauki minti ɗaya, a mayar baya, a sa a kunne a saurara. "Kunne ka aiki, Sule," haka yake ce mini, "hannu ɗan aike na."

Wani lokaci ina tsayawa a wurin bikin yanzu in tambayi kaina abin da zai ce. Kaya sun yi arha, sun yi kyau. Yaro da waya ɗaya a aljihu yana da abin da mu huɗu ba mu mallaka ba. Akwai ɗakunan ɗaukar waƙa a cikin Jega, da kwamfuta da ke miƙe muryar da ta karkace. Na san Hamidu ba zai ƙi waɗannan ba, mutum ne mai son sabon abu, da ya kwance su ya ga cikinsu. Abin da zai ɓata masa rai shi ne yadda ake tara lasifika shida a lungun da biyu sun isa, a murɗe komai har ƙarshe, jar wuta ta tsaya cak ba ta ko ƙiftawa. Tsofaffi su tashi su bar wurin, jarirai su yi ta kuka, mawaƙi yana ta waƙa ba wanda zai iya maimaita maka baiti ɗaya. Kwanan baya na matsa kusa da wani saurayi mai kula da na'ura a Aliero, na ce ya ɗan rage, zai ji daɗin abin. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, in na rage cewa za a yi kayana ba su da ƙarhi." Ban ga laifinsa ba sosai. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma ba kowa ne ya yi sa'ar zama kusa da irin Hamidu ba.

To, in dawo kan alkawarin Balkisu. Na ciro akwatin kaset daga ƙarƙashin gado, na aro rikoda wurin wani maƙwabci da har yanzu yake adana tasa. Kaset ɗin sun haura talatin. Akasarinsu a rumfar ajiyar albasa ta gidanmu muka ɗauke su, domin Hamidu ya gano cewa zana da buhuna suna shanye amon ɗaki, alhali ɗakin siminti yana maido da shi. Yakan rataya barguna ta gefen da ke buɗe, ya sa a kore kaji, mu fara da hantsi kafin masu injin niƙa su tayar. Ina saurare ina jin warin albasar nan a hancina. Ga Nomau, ga Arzika, ga ni. Kwana huɗu ina juya kaset, gaba da baya.

Babu Hamidu ko a ɗaya. Dama abin da nake tsoro ke nan. Shi ne yake fara magana a makirufo kowace rana, yana cewa ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, amma da ya gama gwaji sai ya mayar da zaren kaset baya ya ɗora waƙa a kai. Idan ya yi tari a tsakiyar ɗauka, sai a sake daga farko. A wurinsa, kaset mai kyau shi ne wanda ba za ka san akwai wani mutum a bayan na'ura ba. Ya ƙware a aikinsa har ya share kansa daga cikinsa gaba ɗaya. Na zauna a gaban tarin kaset ɗin nan, na ji haushinsa ya kama ni kamar yana raye. Na ce a raina, kai dai Hamidu, tsabtar aikinka ta cuci ɗiyarka.

A rana ta biyar ne na tuna da kaset ɗin Karaye. Ban so tunawa da shi ba, domin shi ne abin kunya mafi girma da na yi a zamanmu, kuma shi ne sanadin faɗa ɗaya tilo da muka taɓa yi.

Wani manomi ne a Karaye ya gayyace mu bikin ɗansa, kamar shekara ɗaya da rabi kafin rasuwar Hamidu. Ranar tana da muhimmanci a wurinmu, saboda Tsoho Arzika ya riga ya gaya mana daga ita ya ajiye kalangu, yatsunsa sun fara ƙagewa. Muka yi shawara a ɗauki wasan gaba ɗaya, a ba shi kaset ya ajiye wa jikokinsa. Sai dai tun isarmu abubuwa suka cakuɗe. Janareta ta ƙi tashi, Hamidu ya kwance ta yana fama, ga hadari yana haɗowa ta gabas, ga mai biki yana ta zirga-zirga. Da ta tashi, lokaci ya ƙure. Ya miƙo mini rikoda da wayar da ke haɗa ta da mikisa, ya ce in haɗa in ajiye kan teburinsa, shi yana ɗaure lasifika kada iska ta kayar da su.

A jikin rikodar nan akwai ramuka biyu kusa da juna, ɗaya na shigar da sauti, ɗaya na abin sauraro na kunne. Na soka wayar a na biyun. Da ba a soka komai a ramin shiga ba, sai rikodar ta koma ɗauka da ɗan makirufon da ke jikinta. Na danna, na ga allura tana motsi, na ce shi ke nan. Hamidu ya dawo yana share gumi, ya ce, "Ka soka wayar?" Na ce na soka. Ya ce, "Ka saurara?" Na ce na saurara. Ƙarya na yi, sauri nake in koma kan fiyano. Shi kuma, a karo na farko kuma na ƙarshe da na sani, ya yarda da bakin wani bai sa kunnensa ba.

Wasan ya yi kyau irin wanda ba mu taɓa yi ba. Arzika ya kaɗa kamar ya san ba zai sake ba, hadarin ma ya yi mana kawaici har muka gama. Washegari muka taru a shagon Hamidu don mu ji. Abin da ya fito shi ne surutun jama'a, kukan awaki, iska tana bugun rikoda, sannan can nesa, kamar daga wata unguwa, kiɗanmu. Ba a yi minti biyu ba Hamidu ya kashe rikodar. Arzika ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ya ɗauki sandarsa ya fita. Wannan haƙurin nasa ya fi mini zafi da a ce zagina ya yi.

Hamidu ya jira har kowa ya watse. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce, "Kuskuren rami ba komi na ba, kowa na yi. Amma na tambaye ka ko ka saurara, kac ce ka saurara. Tsohon ga ba shi sake kaɗawa, Sule." Ya zare kaset ɗin ya miƙo mini, ya ce in ɗora wani abu a kai, kada ya sake ganinsa. Maimakon in ba da haƙuri, sai girman kai ya hana ni, na ce ai shi ma da laifinsa tunda aikinsa ne. Mako biyu ba mu yi magana ba, sai da Saratu ta shiga tsakani. Kaset ɗin kuwa ban share shi ba. Ba don hikima ba, kunya ce ta hana ni ko taɓa shi. Na jefa shi cikin aljihun jakar fiyano, na bar shi can.

Can na same shi, bayan shekara goma sha uku da ɗoriya. Zaren ya manne, ya yi fari-fari da danshi. Ban yarda na sa shi a rikoda ba, na tuna Hamidu yana cewa tsohon zare ba a yi masa gaggawa. Na kai wa wani dattijo da ya rage cikin masu gyara a kasuwar Jega. Ya kwance gidan kaset ɗin, ya goge zaren da auduga a hankali, ya juya shi da biro daga farko har ƙarshe, ya sauya masa gida, sannan ya juye mini sautin a waya. Ban saurara a shagon ba. Na hau babur na nufi gidan da Saratu take aure yanzu, da izinin maigidanta, wanda mutumin kirki ne, shi ma ya san Hamidu.

Muka zauna a tsakar gida bayan la'asar, ni da Saratu da Balkisu. Na gaya musu gaskiya cewa ban san abin da ke ciki ba, wataƙila ba komai sai hayaniya. Na danna. Iska, awaki, wata mata tana kiran ɗanta, kalangun Arzika can nesa. Minti ɗaya, minti biyu. Har na fara jin kunyar da na ji a shagon Hamidu tana dawowa. Sai ga murya, kusa ƙwarai, domin rikodar a gefen gwiwar hannunsa take.

"Nomau, ja baya kaɗan. Yawwa. Hakanan."

Saratu ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta. Balkisu ta dube ta, ta gane muryar ubanta ce. Muryar ta ci gaba, ƙasa-ƙasa, mai ɗan kauri, yana magana da kansa kamar yadda ashe yake yi duk tsawon wasa ba mu sani ba, tunda mu muna can gaba. Yana cewa fiyano ta yi yawa. Yana bin amshin waƙar a hankali, kuma, Allah ya jiƙansa, ba ya bin ta daidai. Da Arzika ya yi wani salo, sai aka ji ya ce, "Allah shi yi ma albarka, tsoho." Can wajen tsakiya wani ya zo ya gaishe shi, ban gane ko wane ne ba, ya tambaye shi iyali, ya tambayi jaririya. Hamidu ya yi dariya ya ce, "Balkisu? Ai jiya ta hwara tahiya. Taku ukku tay yi, tah hwaɗi, tat tashi tana dariya. Wagga ɗiya ba ta da tsoro."

Na tsayar da shi a nan, domin ni kaina na kasa jurewa. Na yi kuka a gaban ƙanwata da ɗiyarta, ban ji kunya ba. Balkisu ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta ce in mayar baya. Na mayar. Iska ta taso a daidai wurin, tana neman rufe maganar, sai na kai yatsa zan ƙara sauti don ta ji da kyau. Ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Kawu, bar shi hakanan. In ka ƙara, iskar ka ƙaruwa. Ina jin shi." Ta matso da kunnenta kusa da wayar, ta rufe ido.

Ba wanda ya koya mata wannan. Na dubi Saratu, ta dube ni. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Tun ranar nake auna abin. Ba zan ce ƙaryar da na yi a Karaye ta zama daidai ba. Tsoho Arzika ya rasu bai sami kaset ɗinsa ba, jikokinsa ba su da wasansa na ƙarshe sai wannan amo na nesa, kuma wannan hakki yana wuyana. Da Hamidu zai dawo yau, na tabbata zai sake ce mini in saurara kafin in ɗauka, kuma shi ne da gaskiya. Sai dai Hausawa sun ce wani hani ga Allah baiwa ne. Kaset talatin da ya yi da ƙwarewarsa sun adana mu, mu uku. Guda ɗaya da na ɓata da gaggawata shi ya adana shi.

Ga matasan da ke wannan sana'a a yau, ina da roƙo biyu, ɗaya nasa ɗaya nawa. Nasa shi ne ku rage, ku saurara, ku zauna inda jama'a suke. Nawa kuwa, idan kun gama gwaji kada ku share shi duka. Ku bar minti ɗaya na mutumin da ke bayan na'ura, ko da ɗaya, biyu kawai yake cewa. Wata rana wani zai zo nema.

Na'urorin Hamidu sun daɗe da lalacewa, shagonsa yanzu ana cajin waya a ciki, ƙungiyarmu ta watse tun shekarar da ya tafi. Abin da ya rage shi ne ladubban aikinsa a kunnen waɗanda suka zauna da shi, da lasifikar wani masallaci a Jega Firchin da har yau take a kusurwar da ya kafa ta, da yarinya mai kusan shekara goma sha biyar wadda yanzu ta san yadda ubanta yake kiran sunanta. Saratu ta ce mini takan saurara bayan sallar asuba, sau ɗaya, da sauti ƙasa-ƙasa, sannan ta yi masa addu'a ta shirya makaranta.

Allah ya jiƙan Hamidu da Tsoho Arzika, ya yafe musu kurakuransu, ya yafe mini nawa. Idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.